Gurbin Hamma Dikko a Tudun Marke

Bazarar nan da muke ciki ita ce ta goma sha ɗaya tun da muka binne yayana, Hamma Dikko. Ya rasu ne ana saura kwanaki kaɗan mu tashi daga bakin gulbi, kusa da Bungudu, mu koma mazauninmu na damina. An riga an naɗe tabarmi, an ɗaure sandunan bukka, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Shi da kansa ya duba igiyoyin takarkarai da safe. Bayan azahar ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa makwancinsa ya fi duk wani masauki da ya taɓa zaɓa mana.

Masu karanta wannan shafi ba su san shi ba, kuma babu dalilin da zai sa su san shi. Bai taɓa riƙe sarauta ba, ko arɗo bai yi ba. Makiyayi ne mai garke da 'yar gonar gero da iyali mai yawa. Ni ne ƙanensa, Sambo, wanda aka ɗauke daga ruga aka kai makaranta, na zama malamin dabbobi. Aikin allurar shanu ya kai ni Tawa da Agadas, ya kai ni Garwa da bakin tafkin Chadi. Daga baya fatauci da aikin tafinta suka kai ni har Masina a ƙasar Mali. A hanya na tsinci Faransanci da Larabcin Shuwa, da ɗan abin da zai ishe ni neman ruwa da masauki a wurin Buzaye. Hamma kuwa bai taɓa wuce Kontagora ta kudu ba, bai wuce Ƙaura ta arewa ba, Hausarsa ma har ya mutu tana ɗingishi. Ni na ga ƙasashe da yawa. Shi ƙasa ɗaya ya sani, amma ya san ta har inda ruwa ke bi a cikinta.

Wanda bai tashi a ruga ba yakan zaci gida ne guda da ke tafiya gaba ɗayansa. Tamu ba haka take ba. Da an gama girbi sai gidan ya tsage uku. Samari su kora manyan shanu kudu neman ciyawa, a yi wata biyar ko shida ba a gansu ba. Tsofaffi da masu jego da shanun tatsa su sauka bakin gulbi, su zauna a gonakin mutanen Furfuri da Rawayya, shanu su ci kara su bar taki. Masu awaki da tumaki kuma su raɓe a gindin duwatsun Tsafe, inda ganyen itace ke daɗewa. Rani ba ya barin mutum arba'in da dabbobinsu su sha daga rijiya ɗaya. Sai ruwa ya sauka, ciyawa ta fito ko'ina, sannan kowa ya kamo hanya zuwa wuri guda. Wata huɗu kacal a shekara muke zama gida ɗaya. A cikinsu ne kaka ke ganin jikan da aka haifa masa a kudu, a cikinsu ake sasanta waɗanda suka rabu da fushi, a cikinsu yara ke sanin cewa wancan dogon mutumin baffansu ne, ba baƙo ba.

Wurin da muke haɗuwar sunansa Tudun Marke. Yana tsakanin Tsafe da Kwatarkwashi, tafiyar kamar sa'a guda a ƙafa daga bakin titi. Ba wani kyakkyawan wuri ba ne. Doguwar ƙasa ce siririya, jar tsakuwa da marmara, da 'yan itatuwan marke a warwatse. Ko gyaɗa ba ta yi a kansa, shi ya sa babu manomin da ya taɓa kwaɗayinsa, shi ya sa kuma ya zama namu tun zamanin kakanmu. Amfaninsa ɗaya ne: komai ƙarfin ruwan da aka yi, kafin a gama tatsar safe ya gangare, ƙasa ta sha iska.

A kan tudun nan kowane abu da wurinsa. Bukkoki a jere suke daga kudu zuwa arewa, duk ƙofofinsu na duban yamma, domin ruwan damina da iskarsa daga gabas suke bugowa. A gaban bukkoki ake miƙe dangwali, wato doguwar igiyar nan mai maɗaurai da ake ɗaure maruƙa a jikinta. Gaba da dangwali sai makwancin shanu, a gangare, don kada ruwan kashinsu ya biyo cikin ɗakuna. Kudancin tudun shi ne mafi tsayi, mafi bushewa, nan ne wurin babban gida. Daga shi sai mai bi masa, sai 'ya'ya, har a gangara can arewa inda sababbin angwaye da amarensu ke kafa tasu, inda ƙasa kan ɗan riƙe danshi. Hamma yakan ce masu zafin jini su ne ya kamata su kwana kusa da sanyi. Wanda ya tsaya daga nesa ya dubi jerin bukkokinmu zai iya faɗa maka wa ya girmi wa, ba tare da ya tambayi kowa ba.

Yawo ya nuna mini cewa kowace al'umma ta makiyaya ƙasarta ce ke tsara mata zama. Buzayen da na sani a arewacin Tawa, uba da ɗansa kan kafa tantunansu nesa da juna har sai ka yi tafiya kafin ka kai gaisuwa, saboda ciyawarsu a warwatse take, ba ta ɗaukar taro. A Masina na ga mutane cunkushe a kan 'yan tsibirai idan kogi ya cika, ɗaki na gogar ɗaki, shanu kuwa suna can wata duniya. A tsaunukan Adamawa na ga bukkoki masu kaurin ciyawa har ƙasa saboda sanyi, mutanensu ba sa nisa da su. Na ga waɗannan duka, na kuma iya ba da labarinsu da harsuna huɗu. Abin da ban iya ba shi ne bambance abin da na gani da abin da na sani. Wannan ne ya kai mu ga shekarar da a gidanmu har yau ake kira shekarar laka.

Shekara talatin ke nan ko fiye. Na dawo daga bakin Chadi kaina cike da abin da na gani a wurin Larabawan Shuwa: babbar da'ira ta bukkoki a shimfiɗaɗɗen fili, dangi duka a zagaye, shanu a tsakiya, ciyawa a bakin ƙofa. Na tarar da mutanenmu a bakin gulbi suna shirin komawa tudu, samari na gunaguni. Gidan ya yi yawa, tudun ya yi musu siriri, na arewa sun kusa faɗawa kwari, kuma kullum sai an kora shanu tafiya mai nisa kafin su sami abin ci. Ni kuwa a hanyata na ga wani fili a yamma da Kwatarkwashi, shimfiɗe kamar tabarma, baƙar ƙasa, ga alamar ciyawar bara har gwiwa. Bayan la'asar, a gindin wata tsamiya, na baje musu hujjata. Na zana da'ira a ƙasa da sanda. Na ce mutanen da suka fi mu shanu haka suke zama, mu ne kawai muka maƙale wa tsakuwa.

Hamma ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Sambo, wurin nan da rani ka gan shi. Ka taɓa taka shi da safe, bayan an kwana uku ana ruwa?"

Na ce ban taɓa ba, amma ƙasa ai ƙasa ce.

Ya ce, "Su Larabawan naka, da wane wata ka same su?"

Na ce da rani. Samari suka yi dariya, amma ba ni suke yi wa ba, shi suke yi wa, don sun ɗauka tsufa ne ke sa shi jan magana. Sai daga baya, da na koma bakin Chadi da damina, na tarar da da'irar nan babu kowa, ruwa ya shanye ta, mutanenta sun hau jigawa sun jera bukkokinsu kamar namu. Rabin shekararsu na gani na zo ina wa'azi da shi.

Abin da har yau nake juyawa a raina shi ne Hamma ya bi mu. Ya san abin da zai faru, kuma da ya ce a'a, tsofaffi da rabin gidan za su bi shi tudu. Amma sauran rabin za su bi ni. Ya dubi wannan, ya zaɓi laka. Da matarsa, Adda Habi, ta yi masa magana, abin da ya ce mata shi ne maraƙi in ya mutu saniya za ta sake haihuwa, amma in gida ya yi damina biyu a wuri biyu, ba ya ƙara yin ta a wuri ɗaya.

Watan farko na yi ta yawo ina karɓar yabo. Shanu suka yi ƙiba, nono ya yi yawa har mata suna rasa ƙwarya. Da ruwa ya kankama sai ƙasar ta nuna halinta. Ba ta shan ruwa, riƙe shi take yi. Maruƙa suka wuni suka kwana tsaye a dangwali cikin taɓo har idon sawu. Kofatansu suka fara ruɓewa, zawo ya shiga cikinsu, ƙudaje masu cizo suka hana shanu kwanciya. Ni malamin dabbobi, da jakata da allurata, ina tsaye ina kallo, don babu allurar da ke busar da ƙasa. Ƙafafun gadon Inna, mahaifiyarmu, suka nutse, tari ya kama ta wanda bai sake ta ba sai da aka ci kaka.

Tashi a tsakiyar damina shi ne abin da makiyayi ya fi tsoro, domin dawa da gero sun kai ƙugu, burtali ya matse, saniya ɗaya in ta kauce ta jawo rigimar shekara. Hamma ya bi gonakin da ke hanya ɗaya bayan ɗaya, yana gaida masu su da gurguwar Hausarsa, yana neman izini. Muka saƙa wa shanu takunkumi, muka wuce da su kaɗan kaɗan. Maruƙan da ba sa iya tafiya muka saɓa a kafaɗa. Inna aka ɗora a takarkari, Hamma na riƙe da igiyar. Kwana uku muka yi a tafiyar da ba ta kai ta wuni ɗaya ba. Maruƙa tara muka bari a filin nan.

Da muka isa tudu aka miƙe dangwali, sai ga maɗaurai tara babu kowa a cikinsu. Hamma bai ce mini komai ba, ko a ranar ko bayanta. Amma bai kwance maɗauran ba, bai kuma rage igiyar ba. Kowace safiya in na fito daga bukka su nake fara gani, a kwance a kan tsakuwa. Na ɗauka da gangan ya bar su, don in riƙa gani. Kafin damina ta ƙare na ce hutuna ya ƙare, na tafi. Tun daga nan ban ƙara kafa bukka a Tudun Marke ba. Ina zuwa, in wuni, in kai gishiri da kanwa da magani, in koma kafin magariba. Da na bar aiki na gina gida a Gusau, na sa kwano da fanka, na ce gwiwoyina ba sa son tabarma.

Da Hamma zai leƙo Gusau yau, ban san ko zai gane hanyar gidana ba. Tun da aka ba mu jiha, garin ya zama kamar kasuwar da ba ta tashi. Ma'aikata sun dawo daga Sakkwato da iyalansu, kowane kango an sa masa rufi an zuba 'yan haya, 'yan kabu-kabu sun fi awaki yawa a titi. Ina murna da wannan, ban ɓoye ba, na daɗe ina son ganin an yi mana namu. Na san kuma abin da zai fara tambaya. Ba zai tambayi wa ke mulki ba. Zai tsaya a bakin sabuwar hanya ya dubi jar ƙasar da aka shimfiɗa, ya ce, "Wannan daga ina aka ɗebo ta?" Domin duk hanyar da aka yi, akwai tudun da aka rage. Marmarar nan da manomi ya raina, wadda masu aikin hanya ke kira burji, yanzu ita ake nema da katafila da tifa.

Watan jiya Buba ya zo gidana. Shi ne babban ɗan Hamma, mutum mai furfura a gemu, mai jikoki, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsa. Ya ƙi zama a kujera, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Bayan mun gaisa ya ce wasu masu kwangila sun zo tudu da rani, lokacin babu kowa, sun haƙa ramukan gwaji a kudanci, sun ce burjin wurin ya yi musu. Sun je wurin dagaci. Dagaci ya aiko a tambaye mu.

Na ce, "Kai me ka gani?"

Ya ce, "Baffa, na ga a bar musu kudun. Shekara goma sha ɗaya babu wanda ya kwana a wurin, ƙaya ce kawai. In mun ba su can, sai su bar mana inda muke. In mun hana duka, ina tsoron mu rasa duka."

Maganarsa ba ta wauta ba ce. Amma ni na ga abin da irin wannan haƙa ke bari, a Garwa na gani, a hanyar Zinder na gani, kuma wannan karon da damina na gani. Ramin burji kududdufi ne. Idan aka yanke kan tudun, ruwan da ke gangarewa zai sami wurin kwanciya a saman bukkoki, ga sauro, ga ramin da maraƙi da yaro za su faɗa. Shekara biyu ko uku bakin ramin zai fara zaizaya yana cin tudun daga sama. Ranar da Tudun Marke ya fara riƙe ruwa, babu sauran dalilin hawansa. Na kudu za su yi daminarsu a kudu, na Tsafe su tsaya a Tsafe, na bakin gulbi su nemi wani wuri. Babu wanda zai yi faɗa da wani. Za a daina haɗuwa ne kawai.

Na ce masa, "To ka matsa da bukkarka can mana. Wurin mahaifinka ne. Na sha aiko maka cewa na yafe."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baffa, ina da ƙanen uba a raye, zan kafa ɗaki a samansa? In na yi, gobe ƙanena ma ya kafa a samana. Wannan ba abin da ake yafewa da saƙo ba ne."

Sai a lokacin na ga abin da ke gabana tun shekara goma sha ɗaya. Kudun tudun ba don an manta da shi ya zama fili ba. Wurina ne. Tun ranar da aka binne Hamma ni ne babban gidan, kowace damina suna fara jera bukkoki daga wuri na biyu, suna barin na farko a buɗe. Abin da masu kwangila suka gani suka ce ba na kowa ba ne, rashin zuwana suka gani.

Washegari muka shiga motar Bungudu, ni da Buba, don in ga Adda Habi a mazauninsu na rani. Ta tsufa ƙwarai, amma bakinta bai tsufa ba. Tun da na dawo daga ƙasashen da ake jin Faransanci take kira na Mushe, kamar yadda mutanen can ke kiran ma'aikaci, kuma ta san sarai abin da kalmar ke nufi a Hausarmu. Tana zaune tana gyaran faifai ta hango ni.

Ta ce, "Mushe Sambo. Fankar ta lalace ne?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Adda. Ke na zo gani, an ce kin fara ji da kunne ɗaya."

Ta ce, "Ɗayan na ajiye wa labarin Chadi, in ka zo da saura."

Muka yi dariya. Na zauna, aka kawo nono. Na faɗa mata abin da Buba ya zo da shi, na ce ina so ta sa baki ya hau wurin mahaifinsa. Ta ajiye faifan.

Ta ce, "Hanya biyu ce, Mushe. Ko ka zo ka zauna a wurinka, ko ka mutu mu huta, yaron nan ya matsa. Zaɓi wadda ta fi maka sauƙi."

Na ce mata gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce tudun nan ina jin kunyarsa. Na tuna mata maɗaurai taran da Hamma ya bar mini a dangwali don in riƙa gani kowace safiya.

Ta dube ni kamar na yi mata Faransanci. Ta ce, "Ya bar maka? Kai da aka haifa a ruga? Yaushe ka taɓa ganin an yanke dangwali don maraƙi ya mutu? Barin maɗaurin ake yi, wani na zuwa. Kafin damina ta zagayo duk taran nan sun cika, da ka tsaya da ka gani. Shi bai ƙirga maruƙa a kanka ba. Abin da ya dame shi har ya mutu, ya bi ka cikin laka don kada gida ya rabu, aka fito daga lakar, sai ga shi mutum ɗaya ya rabu."

Na iya ba da amsa da harsuna da dama, amma ranar nan nonon da ke gabana na yi ta kallo.

Daga nan muka je wurin dagacin da tudun ke ƙasarsa. Dattijo ne mai sanin ya kamata, mahaifinsa na cikin waɗanda suka ba mu hanya a shekarar laka. Bai yi mana alkawarin abin da ba zai iya ba. Ya ce, "Alhaji, wanga tudu kowa ya san naku na. Amma in mutane sun taho sun ishe fili da ƙaya, mi za ni ce musu? Inda duk na ga bukka da hayaƙi, ni ka shiga gaba in ce a nemi wani wuri, tudu ba shi ɗai ba ne. Inda babu kowa, bakina gajere na." Na gode masa. Iyakar abin da nake buƙatar ji ke nan.

Da na faɗa wa Hajiya, mai ɗakina, wadda haifaffiyar Gusau ce kuma ba ta taɓa kwana a inda babu bango ba, ta ce in na ga dama in koma kogon dutse, ita dai ranar Juma'a za ta riƙa aiko mini da tuwo. 'Ya'yana sun kawo maganar hawan jinina da nisan asibiti. Na ji su, kuma ba ƙarya suka faɗa ba. Na haura saba'in, ban san damina nawa ta rage mini ba. Amma ko guda ce, a can zan yi ta. In na cika a can, Buba ya matsa kudu da hujjarsa, ba wanda zai ce ya haye kan baffansa, wurin kuma ba zai ƙara kwana a buɗe ba. Ban ce bukkata za ta tsayar da katafila har abada ba. Na ce dai ba za a ƙara samun kudun Tudun Marke babu kowa ba saboda ni.

Idan na auna abin da Hamma ya bari, shanun da ya mutu ya bari an raba, wasu sun mutu, wasu an sayar, jikokinsu ne ke kiwo yanzu. Hotonsa ko ɗaya babu. Jikokinsa na ƙasa Hausa ta fi musu Fulatanci sauƙi, wasunsu ma ba su san muryarsa ba. Abin da ya rage nasa shi ne mutum fiye da hamsin waɗanda, duk inda rani ya jefa su, da sun ga hadari ya tsaya a gabas sun san inda za su nufa, kuma kowa ya san inda zai kafa sandarsa in ya isa. Wannan bai zo da kansa ba. Wani ne ya biya shi da maruƙa tara da haƙurin da bai taɓa yi wa kowa gori a kansa ba. Allah ya saka masa, ya haɗa mu da shi a inda ba a tashi.

Makon jiya aka yi ruwan farko mai ƙarfi, kwana uku a jere. Da safe na shiga motar Tsafe, na sauka a bakin titi, na taka zuwa tudu a hankali, ina hutawa a gindin itace. Na tarar har 'yan bakin gulbi sun iso, sun fara kafa sanduna. Na wuce su zuwa kudu. Ramukan gwajin nan suna nan, kowanne cike da ruwa. Na cire takalmana, na taka wurin da bukkar Hamma ke tsayawa, daga wannan gefe zuwa wancan, kamar yadda ya tambaye ni shekara talatin da suka wuce. Tsakuwa ta soke ni, amma tafin ƙafata bai jiƙe ba.

Adda Habi ta riga ta sa an sare ƙayar. A wurinmu mata ne ke kafa bukka, ta ce tunda matata 'yar birni ce, ita za ta kafa mini, amma kada in sa ran za ta yi faɗin ɗakin Gusau. Na tambaye ta ko ƙofar za ta iya duban titi, don in riƙa hango masu zuwa. Ta ce ƙofa yamma take dubawa, in ina son ganin titi in fito waje.

Ranar Asabar zan koma, da tabarmata da butata da maganin gwiwa. In tifa ta zo, za ta tarar da hayaƙi.